Ƙarin Da Ya Jawo Ƙara

A lungunmu na Dukawuya, da wuya ka sami wanda aka haifa cikin shekarun nan kusan talatin da ba a ɗiga masa ruwan jarkar 'Yardada a leɓe ba. Waɗansu yanzu sun zama malaman makaranta, waɗansu direbobin adaidaita, akwai ma lauya guda, duk da ruwan nan suka fara.

'Yardada gajeriya ce, siririya, tana tafiya tana kallon ƙasa kamar wadda allurarta ta faɗi. Da ƙuruciya ƙuli-ƙuli take yi da man gyaɗa. Da gwiwa ta ƙi, sai ta koma kasa daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa a faifai a tsakar gida. In aka yi mata zancen karatu sai ta ce nata ya tsaya daidai inda salla take bukata. "Kaina rariya ne," in ji ta, "abin da aka zuba da hantsi, kafin azahar ya tsiyaye." Amma akwai aikin da ba a ba wa mai ilimi sai mai amana, shi ne wankan gawa. Duk macen da ta rasu a unguwar, 'Yardada ake aika wa. Ba a taɓa jin ta fito daga ɗakin wanka ta ce ta ga kaza a jikin wance ba. Wannan ne abin da take taƙama da shi a ranta, ko da yake ba za ta yarda tana taƙama da komai ba.

Jarkar kuwa ta mijinta ce, marigayi Malam Nata'ala, maɗinkin manyan riguna. Sau ɗaya ya je Makka, wani mai kawo masa ɗinki ne ya biya masa kujera. Ya dawo da carbi da kwalli da dabino, da farar jarka mai shuɗin murfi cike da zamzam. Jama'a suka yi ta zuwa, kowa da ɗan kofinsa. Da ruwan ya kai rabi, sai 'Yardada ta fara kallon masu sallama da wani irin ido. Malam ya lura, ya kira ta.

"Ke, malamai sun ce babu laifi a ƙara masa wani ruwan don ya ishi jama'a. Sai dai duk wanda kika ba, ki gaya masa an ƙara. Amma..."

A daidai nan ta ji ƙaurin miya daga murhu, ta zabura. Abin da ya biyo bayan amma ɗin nan ba ta ji shi ba, ba ta kuma koma ta tambaya ba. Bayan 'yan shekaru Malam ya rasu da ragowar maganarsa.

Ta yi takaba, ta fita, jarka tana ƙarƙashin gado. Duk sanda ruwan ya yi ƙasa, sai ta ja guga a rijiyar gidan, ta tace da farin ƙyalle, ta yi bismilla ta cika. Rijiyar tana da ɗan zartsi irin na rijiyoyin cikin gari. Mai naƙuda a aiko, mai jarrabawa ya zo, mai ciwon ido ya zo, har amaryar da za a kai ɗaki sai an shafa mata a fuska. Ba ta taɓa sa kuɗi ba. Mai goro ya ajiye goro, mai sabulu ya ajiye, wanda ba shi da komai ya yi addu'a ya tafi.

Umarnin Malam kuwa ba ta taɓa saɓa shi ba. Da farko cewa take, "Da ƙarin ruwan rijiya a ciki fa." Da bakin ya gaji ya koma, "Da ƙari a ciki." Daga baya ya zama, "Da ƙari," kamar gaisuwa. Tsofaffin da suka san asalin maganar suka yi ta rasuwa, waɗansu 'ya'yansu suka kwashe su zuwa sababbin unguwanni bayan ganuwa. Mu da muka rage, muka ɗauka wata addu'a ce ta mutanen da. In ta miƙo kofi ta ce, "Da ƙari," sai mu haɗa baki mu ce, "Allah ya ƙara, Inna." Ita ma tun tana ɗan tsayawa ta dube mu, har ta saba.

Wautarmu ba ta fito fili ba sai shekarar da Hajiya Bahijja, maƙwabciyar 'Yardada ta jikin katanga, ta sauke farali. Ta dawo da nata zamzam ɗin a rufe, da hatiminsa, yadda aka miƙa mata a filin jirgi. Muka je barka, aka zuba mana a ƙananan kofuna, muka kurɓa. Wata ta kurɓa na biyu ta juya shi a baki. Sai ta ajiye kofin a hankali ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, amma an cuce ki. Wannan salam yake."

Muka ce wallahi haka ne. Muka yi ta ba ta baki, muna cewa ai ko a can akwai macuta, cikin cunkoso aka musanya mata. Wata har ta ba ta shawara ta ɗebi na 'Yardada ta haɗa, ko ya yi ɗanɗano. Hajiya Bahijja ta ƙwace kofunanta, ta ce mu tashi mu ba ta wuri, matan da ko tashar jirgi ba su taɓa gani ba.

'Yardada tana zaune a kusurwa ranar. Ta ce, "Da ƙari," amma cikin mayafi ta faɗa, mayafin kaɗai ya ji. Gaskiyar magana, daɗi ta ji. Wai nata ya fi na Makka. Ta koma gida tana istigfari, tana kuma murmushi, ba ta san wanne ya fi yawa ba. Daga ranar Hajiya Bahijja ta rage mata gaisuwa zuwa ɗaga hannu.

Sai ga Nazeer. Ɗan ƙanenta ne, magidanci da 'ya'ya biyu, mai bakin da zai sayar maka da takalminka kana sanye da shi. Ya yi cajin waya, ya yi kiwon kaji, ya yi dillancin babura, kowace sana'a ta ƙare da "abubuwa ne suka ɗan tsaya." Yanzu a cikin waya yake kasuwancinsa. Wata rana cikin bazara ya durƙusa a gabanta da 'yar kwalba.

"Gwaggo, mahaifiyar wani abokina ce ba lafiya."

Ta cika masa. Ta ce, "Da ƙari."

Bayan kwana kaɗan ya dawo da gora. Sannan galan. Abokan Nazeer kamar an sako musu annoba, kullum iyayensu a kwance. 'Yardada ta koma jan guga safe da yamma, har kafaɗarta ta fara ciwo. Ran nan ya shigo da kwali a kai, ya sauke, ya fito da fanka mai caji, irin wadda ko an ɗauke wuta tana juyawa. Ya kunna ya saita ta a fuskarta. Tun da aka haife ta iska ba ta taɓa tsayawa a kanta ita kaɗai ba.

Da zai fita da galan ɗin, ta ɗan ɗaga murya fiye da kullum. "Nazeer, da ƙari fa."

"Alhamdulillahi, Gwaggo, abin da nake son ji ke nan. Jibi ina nan tafe."

Amsar ba ta zauna mata ba. Ba ita ce amsar wanda ya fahimci zancen rijiya ba. Ta yunƙura za ta bi shi zaure ta warware masa, ta tambaye shi kuma ina ruwan nan yake zuwa. Amma waje rana ce mai narka kwalta, nan kuwa fanka tana kaɗa mata gefen ɗankwali. Ta ce bari dai sai jibin. Jibi ya zo ya wuce da 'yan uwansa.

Ashe Nazeer ɗura ruwan yake a ƙananan kwalabe, ya manna musu takarda mai rubutun Larabci, yana tallarsu a waya. Wani ɗan kasuwa na wajen Ƙofar Kabuga, Alhaji Abdulbaqi, ya sayi katan-katan don ya raba wa dangi da azumi, ya kuma ajiye wa tsohuwarsa. Aka jingine kayan kusa da taga. Da aka zo rabo, kwalaben sun yi kore shar da gansakuka. Alhaji ya sha zuwa Makka. Ya buɗe ɗaya ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce wannan ko makaho ya san rijiyar cikin gari ce. Ya kai ƙara wurin 'yan sanda. Da aka kama Nazeer, kafin a gama tambayarsa sunansa ya ce, "Gwaggona ce take ba ni."

Da hantsi suka zo, tana dakan daddawa. 'Yar sandar da ta shigo ta yi sallama da ladabi, har ta ɗan rusuna, sannan ta ce ana nemanta a ofis ita da jarkarta. Aka sa ta a adaidaita, jarka a cinya ta rungume kamar mai kai jariri asibiti, lungu ya cika da ido. Mai unguwa ya je ya yi belinta kafin la'asar. Jarka kuwa aka riƙe.

Ba gidan yari ne ya fi tsaya mata a rai ba. Ta ce wadda ta yi takaba a ɗaki ɗaya cikin zafin Kano ta san zaman waje guda. Sunan ne. Yara suka fara rera "Inna 419" a bayan katanga. Mu manya ba mu rera ba, mu dai mun daina aikawa sayen daddawa, kowa ta ce tata ba ta ƙare ba. Ana cikin haka wata tsohuwa ta rasu a ƙarshen lungu. 'Yardada ta ji koke-koke, ta tashi ta yi alwala, ta ɗauko mayafinta da ƙwaryar wanka, ta zauna a bakin gado tana jiran ɗan aike. Ta ji an wuce ƙofarta. Can ta ji sallamar wata baƙuwar murya, mai wanka ce aka ɗauko daga unguwar Shahuci. Ta mayar da ƙwaryar inda take. Wannan ne abin da shari'ar za ta yanke mata: ko za a sake ba ta amanar gawa a unguwar nan, ko kuwa ta gama.

Nana Aisha ce ta tsaya mata, lauyar nan da aka ɗiga wa ruwan jarkar ranar haihuwarta. Ta zo ta tuɓe takalmi ta zauna a tabarma.

"Inna, doka ba ruwanta da ruwan. Ko kunun kanwa kika zuba a jarkarki, naki ne. Abin da ake kira zamba shi ne ka sa mutum ya yarda da abin da kai ka san ba haka yake ba, da nufin ka raba shi da abinsa. Kin taɓa cewa wani zalla ne?"

"Ban taɓa ba."

"Kin taɓa yanka masa kuɗi?"

"Subhanallahi. Goro dai."

"To madalla. Sai dai ki sani, ba da baki kaɗai ake yaudara ba. Wanda ya ɓoye abin da ya kamata ya faɗa, da gangan, don a ruɗu, shi ma doka tana iya kama shi. A nan za su matsa miki. Cewa suke kun haɗa baki da Nazeer."

'Yardada ta saci kallon fankar. Tun ranar da aka kama ta ba ta kunna ta ba, ta lulluɓe ta da tsohon zane kamar marar lafiya.

"Saboda haka," in ji Nana Aisha, "abin da aka tambaye ki kaɗai za ki amsa. I, ko a'a. Wannan karon, Inna, babu ƙari."

Ranar zama, kotu ta cika da matan Dukawuya. Waɗanda daddawarsu ba ta ƙare ba duk sun sami kuɗin mota. Jarka tana kan tebur an ɗaura mata takarda a wuya, ta yi jaja-jaja don tsufa, murfin ya tsage an naɗe shi da roba. 'Yardada ta ji kunya ta kama ta, da ta sani ta wanke bayanta. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya karanta tuhuma: haɗa baki da zamba. Alƙali dattijo ne mai magana a hankali. Ya fara da Nazeer.

"Ka san an gauraya ruwan nan?"

"Wallahi ban sani ba, Allah ya gafarta malam."

"Ita ta ce duk zuwan da ka yi sai ta gaya maka."

"Cewa take da ƙari. To, Allah ya gafarta malam, duk Bahaushe ya san da ƙari. In aka ajiye maka tuwo aka ce da ƙari, ai ba cewa aka yi an zuba masa ruwan rijiya ba. Cewa aka yi akwai saura a tukunya."

Kotu ta kwashe da dariya, har da mu, alhali mu ko wannan fassarar ba mu kai ba. 'Yardada kuwa ba ta yi dariya ba. Maganar da ta riƙe shekara da shekaru a matsayin gaskiyarta, ashe baki biyu gare ta, kowa ya shiga ta wanda ya fi masa kusa.

Mai gabatar da ƙara ya kira shaidarsa, sai ga Hajiya Bahijja. 'Yardada ta sunkuyar da kai, ta ce yau kam za a biya bashin kofuna. Aka tambayi Hajiya ko mutanen unguwa sun ɗauki ruwan nan a matsayin zamzam zalla.

"Sun ɗauka mana. Ai ga su nan a bayana. Waɗannan ne suka sha na gaskiya suka ce jabu ne." Ta juyo ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, muka shiga gyara mayafai. Ta ba da labarin barkar tun daga farko, ba ta rage ko kurɓa ɗaya ba. Shi kansa Alhaji Abdulbaqi sai da ya rufe baki da hannun riga.

Nana Aisha ta miƙe. "Hajiya, ke kin san ana ƙarawa?"

"Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ƙarar guganta ce take tashina kullum. Ba a ɓoye take yi ba, ƙofarta a buɗe."

"Kin taɓa ganin ta karɓi kuɗi?"

"Ko sisi. Kuma ba ta taɓa miƙa kofi ba tare da ta ce da ƙari ba. Ta faɗa. Kunnuwa ne suka zaɓi abin da suke so."

Daga nan aka kunna tallar da Nazeer ya tura wa Alhaji a waya. Muryarsa ta cika kotu, tana zaƙi: sabon zuwa ne, kai tsaye daga Makka, ko mako bai yi da sauka daga jirgi ba. Alƙali ya sa aka ɗaga jarkar sama.

"Nazeer, dubi jarkar nan. Kai da ita wa ya girmi wani?"

Nazeer ya shiga sosa ƙeya. Alƙali ya ci gaba.

"Mu bar zancen tuwo. A ce ka fahimci ƙari yadda ka ce. Sabon zuwa fa, wa ya gaya maka? Jirgin da ya sauka, a tsakar gidan gwaggonka ya sauka?"

Nazeer ya ce shi dai salon talla ne, kowa haka yake yi. Alƙali ya ce a rubuta.

Sannan ya juyo ga 'Yardada. "Baba, tambaya ɗaya. Kin san yana sayarwa?"

"Ban sani ba, Allah ya gafarta malam."

Nana Aisha ta sauke numfashi, ta fara tattara takardunta. 'Yardada ta dubi jarkar. Ta tuna an sa ta rantsuwa, ta kuma tuna hannun da take so a sake ba wa gawa.

"Amma da ƙari," ta ce.

Nana Aisha ta runtse ido.

"Wane irin ƙari kuma?" in ji alƙali. "Na rijiya ko na tukunya?"

"Na magana. Ban sani ba, gaskiya ne. Amma ya kawo mini fanka. Na ga galan ya yi yawa, na ji amsarsa ba ta dace da maganata ba. Na yi niyyar in tambaye shi. Sai na ji tsoro in na tambaya fankar za ta koma inda ta fito. Tsohuwa da ni, Allah ya gafarta malam, iska ce ta saye ni. Ko kuɗi ba a kashe a kaina ba sosai."

Aka sake dariya, amma alƙali bai yi ba. Ya ce a tafi salla a dawo. A harabar kotu Nana Aisha ta ce, "Inna, me na ce miki?" 'Yardada ta ce, "Na gaya miki kaina rariya ne."

Da aka dawo, alƙali ya yi bayani a hankali. Ya ce ba a hukunta mutum da zamba sai an tabbatar ya nufi ruɗin, kuma babu wanda ya kawo hujjar cewa matar nan ta shirya da Nazeer, ko ta faɗi ƙarya, ko ta yanka farashi. Kalmarta tana da fuska biyu, kuma inda aka sami kokwanto, wanda ake tuhuma ne yake cin moriyarsa. Rashin tambayar da ta yi sakaci ne, tsakaninta da Ubangijinta, amma bai kai haɗa baki ba. Maganar Nazeer kuwa fuska ɗaya gare ta, shi ya ƙirƙire ta, ya san ƙarya ce, da ita ya karɓi dukiyar mutane. Ya umarce shi ya mayar da abin da ya karɓa, ya ci shi tara, in ya kasa ya tafi gidan gyaran hali. Ita kuwa ya sallame ta. Fankar ma, 'Yardada ta ce a haɗa da ita cikin abin da za a mayar, tun kafin a tambaye ta.

"Baba," in ji alƙali, "Hausa ba ta ƙare ba. Nan gaba ki riƙa kai magana ƙarshenta."

Ta ce ta ji. Sai ta ɗan matsa. "Allah ya gafarta malam, in ba zan ɓata lokaci ba. Maigidana ya ce babu laifi a ƙara, amma. Ban ji sauran ba. Me yake zuwa bayan amma ɗin?"

Alƙali ya shafa gemu. "Ban san abin da ya nufa ba, Allah ya jiƙansa. Abin da na ji waɗansu malamai suna cewa dai shi ne, amma kada ƙarin ya rinjayi asalin."

'Yardada ta yi lissafin gugan da ta ja tun daga takaba zuwa bana, lissafin ya fi ƙarfinta. Ta ce, "Ashe a nan miyar ta ƙone."

An mayar mata da jarkarta, amma fanko. Ruwan an kai gwaji, sauran an zubar, an bar ta a buɗe har ta bushe ƙayau. Ko ɗigon da za a ce a kansa za a ƙara babu. Ta kawo ta gida ta wanke bayanta, ta ajiye a tsakar ɗaki, ta zauna da maficin kaba.

Mu kuwa muka dawo sayen daddawa, duk tamu ta ƙare rana ɗaya. Har Mero, surukar mai unguwa, ta shigo da kofi, wai 'yarta ce take naƙuda. 'Yardada ta gyara zama ta ce, "Mero, saurara da kyau. Babu zamzam. Wanda za ki samu a gidan nan ruwan rijiya ne zalla, na guga, babu Makka a cikinsa ko kaɗan." Mero ta ce, "Allah ya ƙara, Inna," ta miƙo kofin. To, haka muke.

Amma sayen daddawa daban, kiran wanka daban, kuma wannan ba abu ne da mutum zai fita ya tambaya ba. Tana nan zaune da wannan tunanin wata ranar Juma'a da yamma, sai ta ji sallamar da ta daɗe ba ta ji a gidanta ba. Hajiya Bahijja ce, da wani abu a ƙarƙashin mayafi. Ba ta zauna ba. Ta fito da gorar nan ta filin jirgi, saura kaɗan a gindinta.

"Ga jabun da aka cuce ni da shi. Miƙo jarkar."

Ta juye. Ruwan ko gindin jarkar bai gama rufewa ba. Ɗigo ya zuba a yatsan 'Yardada, ta kai baki. Salam. Ta haɗiye wannan ra'ayin tare da ɗigon.

"Ba na rabo ba ne," in ji Hajiya Bahijja. "Ajiya ce. Ranar da aka kira ki a kaina, ki yayyafa mini shi a likkafani. Na gaya wa yarana, ba na son a ɗauko mini kowa daga Shahuci."

'Yardada ta shiga naɗe murfin da robarsa, tana naɗewa tana warwarewa. Ba ta san sanda idonta ya kai tsakar gida ba, inda guga yake rataye.

"Kada ki kalli rijiyar nan."

"Ido ne kawai, Hajiya." Ta share fuska da gefen zane. "To in ni na riga ki fa?"

"Sai in zo in ɗauki abina." Hajiya Bahijja ta ɗaga jarkar ta duba ta a hasken ƙofa, ta sa farce ta ja layi daidai inda ruwan ya tsaya. "Kuma in na tarar ya haura nan, ko kina kabari sai na kai ki ƙara."